Sojan da ke Gadin Kanti: Gumakan Tagulla na Jaruman Ƙasar Sin

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

  Yau shirinmu na tarihi da al'adun mutanen duniya zai yi doguwar tafiya, sai ƙasar Sin, kuma a bakin kanti za mu fara sauka.

Alhazanmu masu zuwa sarin kaya birnin Gwanzu, ku ne shaiduna. In kun shiga kantin Basine, an gama duba kaya, an kawo muku shayin nan nasu marar sukari a ɗan mitsitsin kofi, ku ɗaga kai ku dubi bangon da ke fuskantar ƙofa. Sau da yawa za ku ga 'yar kanta a sama, da jar fitila, da lemo a faranti, turaren tsinke yana hayaƙi. A tsakiya ga mutum-mutumi na tagulla: ƙaƙƙarfan mutum, gemu har ciki, idanu a lumshe kamar mai gyangyaɗi, hannu ɗaya yana shafar gemun, ɗayan riƙe da doguwar sanda mai faffaɗan kaifi a ka, sai ka ce an ƙota barandami a gora. Sunansa Guan Yu. Sinawa ba su cika kiran sunan gatsau ba, sai su ce Guan Gong, kamar dai mu ce Mai girma Guan.

Kafin wani ya bugo waya ya ce yau gidan rediyo ya koma tallan gumaka, to a kwantar da hankali. Mu mun san abin da muka yi imani da shi. Tarihi muke bi, da sana'ar hannu, da sanin halin mutanen da muke ciniki da su kullum. Tambayar da ta dame ni tun ranar da na fara ganinsa ita ce: me soja yake yi a kanti? In mai tsaron dukiya ake nema, me ya sa aka ɗauko mayaƙi? Wani abin mamakin ma, mayaƙin nan an ci shi da yaƙi, an kama shi, an sare masa kai.

Guan Yu mutum ne da ya rayu kamar kowa. An haife shi a yankin da yau ake kira Yuncheng, a lardin Shanxi, kusa da wani babban tafkin gishiri, a ƙarshen daular Han, lokacin da ƙasar ta dare kowane mai dakaru ya kama gabansa. Ya bi wani mai neman sarauta, Liu Bei, tun Liu Bei ba shi da ko gari ɗaya. A shekara ta 200 Miladiyya babban abokin gabarsu, Cao Cao, ya kama shi. Maimakon ya kashe shi, sai ya jawo shi a jiki, ya ba shi muƙami, ya yi ta aika masa da kyaututtuka, don ya san irin wannan ba a samunsa a kasuwa. Guan Yu ya karɓi karamcin, ya kuma faɗa a fili cewa ba zai zauna ba, amma ba zai tafi da bashi a wuyansa ba. Da yaƙi ya tashi a Boma, ya kutsa cikin rundunar abokan gaban Cao Cao ya kashe babban kwamandansu Yan Liang. Ya biya ke nan. Sai ya tattara duk kyaututtukan da aka ba shi, ya rufe, ya buga hatimi, ya bar wasiƙar ban kwana, ya hau doki ya koma wajen tsohon ubangidansa. Mutanen Cao Cao suka so su bi shi, Cao Cao ya hana.

To, Alhaji, ka ji abin da ya kai shi kanti. Mutumin da ya ci abincinka bai ci amanarka ba, ya biya bashi kafin ya tafi, bai kuma sayar da ubangidansa don ya ga wuri mai maiƙo ba. Fataken Shanxi, 'yan garinsu, su ne manyan masu safarar gishiri da hada-hadar kuɗi a Sin na ɗaruruwan shekaru. Duk garin da suka kafa zango sai sun gina masa ɗaki a gidan ƙungiyarsu. A zamanin da fatake ke ba juna kaya bashi tsakanin garuruwan da ke da tafiyar wata biyu, a gaban gunkinsa ake ƙulla alkawari. Da haka sojan ya zama mai gadin ciniki, har daga baya aka lissafa shi cikin ababen bautar arziki.

Sai dai marubutan tarihi na kusa da zamaninsa ba su ɓoye aibinsa ba. Chen Shou, wanda ya rubuta tarihin wannan zamani a ƙarni na 3, ya yaba jarumtarsa, ya kuma ce mutum ne mai taurin kai da jin kansa. Sun Quan, mai mulkin kudu maso gabas, ya aiko neman auren 'yarsa wa ɗansa, Guan Yu ya zagi ɗan aiken ya kore shi. A shekara ta 219 ya tafi arewa ya yi wa Fancheng ƙawanya, ambaliya ta taimake shi ta cinye rundunar abokan gaba, sunansa ya girgiza ƙasa. Yana can, dakarun Sun Quan suka zagayo ta baya suka kame yankin Jingzhou da aka ba shi tsaro. Sojojinsa suka watse. Aka kama shi tare da ɗansa Guan Ping, aka kashe su a farkon shekara ta 220. Aka aika wa Cao Cao da kan, shi kuma ya binne shi a Luoyang da girmamawa irin ta manyan masu sarauta.

Daga nan sai girma ya yi ta hawa bayan mutuwa. Mabiya addinin Buddha suka ɗauke shi mai gadin gidajen ibadarsu, mabiya addinin Tao suka ce mai korar aljanu ne. Sarakunan daular Song suka ƙara masa laƙabi a farkon ƙarni na 12. A ƙarni na 14 aka rubuta shahararren littafin nan na labarin Dauloli Uku, wanda ake danganta wa Luo Guanzhong, ya shiga bakin masu ba da labari da 'yan wasan kwaikwayo. A shekarar 1614 sarki Wanli na daular Ming ya ba shi laƙabin babban sarki sukutum. Sarakunan Qing da suka karɓi mulki a 1644, waɗanda Manchu ne, baƙi a idon yawancin talakawansu, su suka fi kowa ɗaukaka shi, har suka jera shi da malam Confucius: wancan waliyyin alƙalami, wannan waliyyin takobi. Ni dai a ganina ba a banza ba. Sarkin da ya ci ƙasa da yaƙi, ba abin da yake so talakawa su riƙa kallo safe da yamma kamar jarumin da bai taɓa juya wa ubangidansa baya ba.

Yanzu mu dawo kan tagullar. Maƙerin da ya zuba shi ba hoton Guan Yu yake da shi ba, alamu yake bi, kuma da alamun ake karanta gunkin kamar wasiƙa. Gemun gaskiya ne, tun yana raye an san shi da shi. Doguwar sandar mai kaifi kuwa, wadda littafin labarin ya ce nauyinta jin 82 ne a ma'aunin Sinawa, irinta ba ta shigo fagen yaƙi ba sai ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. In ka gan shi da mutum biyu a tsaye, mai kyakkyawar fuska riƙe da akwatin hatimi ɗansa ne Guan Ping. Mai muzurai da buzu-buzun gemu riƙe da makamin shi ne Zhou Cang, wanda masu labari suka ƙaga, babu shi a tarihi. Ku lura da tufafin: sulke a ciki, riga ta malamai a sama, an zame kafaɗa ɗaya ana ganin ƙarfen. Da yawa daga cikin tsofaffin na zamanin Ming ma a zaune yake, hannu a gwiwa, wani lokaci da littafin tarihi a buɗe yana karatu. A Hong Kong an daɗe ana ganinsa a ofisoshin 'yan sanda, ana kuma ganinsa a maɓoyar 'yan daba. Kowane ɓangare abu ɗaya yake nema a wurinsa: kada na kusa da ni ya sayar da ni.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna ƙasar Sin ne, muna duba tsofaffin gumakan tagulla na jarumansu.

Na biyu bai taɓa zama mutum ba. Masu kallon finafinan kokawar Sinawa sun san sunan Wudang, duwatsun nan na lardin Hubei. To mai gidan wurin shi ne Zhenwu. In kun ga gunkin mutum a zaune, gashi a sake ya zubo baya ba rawani ba hula, ƙafa ba takalmi, sulke yana leƙowa ta ƙarƙashin riga, a gabansa ga kunkuru maciji ya naɗe shi, shi ne. Asalinsa ma kunkurun da macijin ne. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, Sinawa sun raba sararin sama huɗu, kowace kusurwa da dabbarta da launinta. Arewa ta samu baƙin launi, da ruwa, da hunturu, da wannan kunkuru mai maciji, ana kiransa Xuanwu. A hankali aka ba shi siffar mutum, dabbobin suka koma ƙarƙashin ƙafarsa. Sunan ma sai da aka sauya a 1012, saboda kalmar farko ta yi daidai da sunan wani kakan sarakunan Song, su kuma suna da alkunyar suna mai tsanani, ta fi ta ɗan fari a wurinmu, don tasu doka ce.

Tatsuniyar da talakawa ke bayarwa ta fi daɗi. Wai ɗan sarki ne da ya bar gadon mulki ya shiga dutse yana zuhudu shekara 42. Don ya tsarkaka sarai, ya fitar da tumbinsa da hanjinsa ya yar. Tumbin ya zama kunkuru, hanjin ya zama maciji, suka addabi mutane, sai da ya dawo ya tanƙwara su da kansa.

Wanda ya mai da shi babba shi ne sarki Yongle. Baffa ne, wato ƙanin uba, ga sarkin da ke kan gado, yana riƙe da arewa, inda Beijing take a yau. A 1399 ya yi wa ɗan wansa tawaye, a 1402 ya ci babban birnin Nanjing ya hau gadon. Wanda ya ƙwaci sarauta daga ɗan ɗan'uwansa yana buƙatar hujja, sai ya ce mai tsaron arewa ne ya tsaya masa a fagen fama. Daga 1412 ya tura dubban ɗaruruwan ma'aikata Wudang, aka shafe fiye da shekara 10 ana gini. A kan ƙololuwar da ta fi tsawo, mita 1,612 daga teku, aka kafa wani ɗaki a 1416. Masu sauraro, ɗakin nan gaba ɗayansa ƙarfe ne: ginshiƙai, azara, rufi, ƙofa, duk zubi ne aka shafe da zinariya. A Beijing aka zuba shi gunduwa-gunduwa, aka ɗauko ta jiragen ruwa, aka hau da shi dutse a kafaɗa, aka harhaɗa kamar yadda kafinta ke shigar da katako cikin katako. Tsayinsa bai kai mita 6 ba. A ciki Zhenwu na zaune, ƙafa ba takalmi, yau fiye da shekara 600. Mutanen wurin suna raɗe-raɗin cewa fuskar gunkin fuskar sarkin ce, wai masu zubin sun gane abin da yake so ba tare da ya faɗa ba. Labarin baka ne, amma wanda ya san fada ba zai yi mamaki ba.

Da yake Zhenwu ne mai ruwa, shi ake nema a kan gobara. Shi ya sa garin Foshan, wanda ke maƙwabtaka da Gwanzu, garin maƙera da masu zubin tukwanen ƙarfe inda wuta ba ta mutuwa, ya riƙe shi uban gari. Gunkinsa na tagulla da ke tsohon ɗakin bautar garin an zuba shi a 1452, nauyinsa kusan tan 2 da rabi. Ƙananan kuma sun bazu duniya. A gidan adana kayan fasaha na birnin Shikago a Amurka akwai wani mai ruwan zinariya da ke ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1439, da sunan wanda ya yi shi, Chen Yanqing. Irin wannan mai kwanan wata da sunan maƙeri zinariya ne a wurin masana, don da shi ake auna sauran da ba su da rubutu.

Akwai wasu, sai dai mu gaishe su a tsaye. A ƙofar gidajen ibadar Buddha akwai sarakunan gadi huɗu: na gabas da molonsa, na kudu da takobi, na yamma da maciji a hannu, na arewa da laima. A bayansu akwai Weituo, saurayi ba gemu, da kwalkwali da cikakken sulke, riƙe da wani kulki mai kama da taɓarya. Al'adar bakinsu ta ce matafiyi ya dubi kulkin: in yana kwance a kan damatsansa, hannuwa a haɗe, gidan yana saukar baƙi, in kuwa ya dogara shi a ƙasa, to a nemi masauki a gaba. Kun lura da abu ɗaya? Duk cikinsu da wuya ka ga wanda ya kai sara. Wannan na karatu, wancan na zaune ba takalmi, wancan na tsaye a ƙofa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To yaya ake yin su? Tagulla gami ce. Jan ƙarfe ne uwa, a sa masa kuza, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, ya ƙara ƙarfi ya kuma fi saurin narkewa. A ƙara dalma don ruwan ya gudana ya shiga kowane lungu. Daga zamanin Ming sai tutiya ta yawaita a cikin gamin, ƙarfen ya koma fatsi-fatsi. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani an jima.

Sinawan farko, na daular Shang, sama da shekara 3,000 da suka wuce, da gutsattsarin yumɓu suke haɗa mazubi, da haka suka zuba wata tukunyar bauta mai nauyin fiye da kilo 830 da aka tono a Anyang a 1939. Amma gunki mai lanƙwasar riga da silin gemu ya fi son hanyar kakin zuma. Hanyar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, da ita aka yi kayan Igbo-Ukwu da na Ife da na Benin. Maƙeri zai fara gina ɗan mutum na yumɓu, ya bushe. Ya lulluɓe shi da kaki, kaurinsa daidai kaurin ƙarfen da yake so. A kan kakin nan ne duk gwanintar take: da ɗan tsinke zai zana ƙwayoyin sulke ɗaya bayan ɗaya, ya ja gashin gemu, ya tattare gira. Sai ya soka 'yan ƙusoshin ƙarfe su ratsa kakin su kama yumɓun ciki, ya shafa yumɓu mai laushi kamar kunu, ya bi da mai kauri, ya bar kafofi. A gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa, ƙusoshin nan su riƙe na ciki kada ya motsa. A zuga wuta har ƙarfe ya zama ruwa, zafin da ya kusa digiri 1,000, a kwarara. In ya huce a fasa yumɓun. Mazubin ya tafi ke nan, ba a sake samun irinsa sak. Inda iska ta maƙale ta bar rami, sai a yanke wurin a ɗosa ɗan faci mai kusurwa huɗu, a bi da magagari.

Ruwan zinariyar kuwa da rai ake biyansa. Ana narka zinariya a cikin zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba da masu haƙar zinariya ke amfani da shi, ta zama kamar man shanu. A shafa wa gunkin, a kanga shi a garwashi, zaibar ta tashi hayaƙi, zinariyar ta kama jikin tagulla, a goge da dutse mai santsi har ta yi ƙyalli. Hayaƙin yana shiga ƙirjin mai aikin, yana taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa. Duk sanda na ga irin wannan gunki yana walƙiya a hoto, nakan tuna yaron maƙera da ya durƙusa yana fifita wutar.

Ko an gama, a wurinsu ƙarfe ne kawai sai an yi masa buɗe ido. Cikinsa ai rami ne, sai a zuba 'yan takardun addu'a, da ƙwayoyin hatsi, da zare mai launi biyar, a toshe. Sannan malaminsu ya ɗiga wa idanun jan launi da alƙalamin gashi.

Abin da ya sa tsofaffin na gaske suka yi ƙaranci shi ne, a Sin tagulla kuɗi ce. Da ita ake buga sulallansu masu huda a tsakiya, kamar aninanmu na da. Ƙarfe ɗaya ne yake yawo tsakanin makami da gunki da aljihu. A shekara ta 221 kafin Miladiyya sarkin da ya fara haɗe ƙasar, Qin Shihuang, ya tattara makaman ƙasashen da ya ci, ya narka, ya zuba ƙattin mutane 12 ya kafa a fadarsa. Bayan shekara kusan 400 wani mai ƙarfi, Dong Zhuo, ya narka mafi yawansu ya buga kuɗi. A 845 sarki Wuzong ya rushe dubban gidajen ibadar Buddha, gumakan tagulla da ƙararrawa suka tafi gidan buga kuɗi. A 955 sarki Shizong ya maimaita, har ya kafa hujja da cewa wanda ya koyar da sadaukar da jiki don jama'a ba zai yi rowar gunkinsa ba. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta Beijing, na Ingila suka ƙone ta, shekara 37 kafin a yi wa Benin irin wannan. Sai juyin al'adu da ya fara a 1966, matasa suka bi gidajen bauta da guduma. A tsakiyar ƙarnin nan da ya wuce ma'aikatan gidan tarihi na Shanghai har masana'antun narka ƙarfe suka riƙa bi, suna tona tsibin kayan gwangwan, suna tsamo abin da ya shekara dubu kafin ya shiga wuta.

Inda abu ya yi ƙaranci kuma yana da tsada, jabu ya samu gida. Wani aminina ɗan kasuwa ya taɓa kirana gidansa, ya rufe ƙofa, ya kwance wani abu daga cikin tawul. Guan Yu ne, tsayinsa kamar kamu ɗaya da rabi, kore shar, har da ƙasa a maƙale a hammatarsa. Wai wani ya ja shi gefe a can, ya ce manomi ne ya tono a gona, na zamanin Ming ne, ga ma tambarin sarki Xuande a gindi. Shi ba bauta zai yi ba, ya ji Turawa na sayen irinsu da tsada a gwanjo. Na ɗauka na juya. Koren ko'ina iri ɗaya, kamar an yi fenti. Na kankara da farce, ya ɓanɓaro, ƙasan yana ƙyalli kamar sabon famfo. Na sansana, warin ruwan batir. A gefen jikinsa, daga kafaɗa har ƙafa, ga siririn layi inda mazubin roba ya haɗu. Ƙasar hammatar kuwa da gam aka liƙa ta. Na ce, Alhaji, wannan mutumin naka bai girmi ƙaramin ɗanka ba. Ya yi shiru, can ya ce to ai sai a ba masu gwangwan su auna.

Xuande ya yi mulki daga 1425 zuwa 1435, tagullar zamaninsa ta yi suna, shi ya sa tambarinsa ya fi kowanne shan kwaikwayo. Gunkin da ya zauna a ɗakin bauta shekaru ɗaruruwa ma ba kore yake yi ba. Duhu yake yi, launin ƙasa-ƙasa, hayaƙin turare ya dafe lungunansa, zinariyar ta goge a gwiwa da hanci inda hannu da tsumma suka yi ta bi, ta saura a cikin lanƙwasar riga. Masana suna da na'urar da ke karanta gamin ƙarfe ba tare da an yanka ba: in aka ce gunki na zamanin daular Tang ne, wadda ta riga Ming da nisa, aka tarar tutiya ta yi masa yawa, magana ta ƙare. In akwai ragowar yumɓun ciki, ana iya gwada shi a ɗakin bincike a kimanta yaushe ya sha wuta. Wanda kuma Allah ya sa na gasken ya faɗo hannunsa, kada ya ce zai wanke shi da toka da lemon tsami ya yi haske, rabin darajarsa zai wanke. Abokan tafiya Gwanzu kuma ku riƙe wannan: dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. In na gaske ne, kwastan ɗinsu na jiranka a filin jirgi. In ya wuce salin-alin, to ka san abin da ka saya.

Har yau ba a daina zuba Guan Yu ba. A 2016 birnin Jingzhou, yankin nan da ya suɓuce masa, ya kammala wani gunkinsa mai tsayin mita 57, nauyi wajen tan 1,200, an lulluɓe shi da fallayen tagulla kusan 4,000, an kashe kusan yuwan miliyan 170. A 2020 hukumomin Beijing suka ce aikin ya karya ƙa'idar gini a tsohon birnin, almubazzaranci ne kuma. Aka yanke a ɗauke shi a kai wani wuri, kuɗin ɗaukewar kaɗai yuwan miliyan 155. A watan Satumba na 2021 ma'aikata suka hau da na'urar ɗaga kaya suka fara kwance shi daga sama, mutanen gari suna tsaye a ƙasa suna ɗaukar hoto da waya. Kan aka fara saukewa.

A nan za mu dasa aya, masu sauraro. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)